Sauyi Zuwa Makamashi Mai Sabuntuwa a Ƙasar Hausa: Gurbin Ɗalibin Nazarin Hausa a Kasuwar Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi sauyin da ake yi daga man fetur da dizal zuwa makamashi mai sabuntuwa, musamman hasken rana, sannan ta auna guraben aikin da sauyin yake buɗe wa ɗaliban jami'a a ƙasar Hausa. An saba ɗaukar al'amarin a matsayin fagen injiniyoyi da masu haɗa wayar lantarki kaɗai. Maƙalar ta nuna cewa kayan sola suna shiga gida da shago da gona, kuma mai su ne yake kula da su a kullum, don haka ɗorewarsu ta rataya a kan fahimtar da ya yi musu da harshen da yake ji. Daga nan aka fito da fagage biyar da ɗalibin Hausa zai iya samun abin yi a cikinsu: daidaita kalmomin fannu, da fassara, da shiga tsakanin kamfani da al'umma, da aikin jarida, da rubuta littattafan koyon sana'a. An kuma bayyana iyakar waɗannan gurabe da gyaran da manhaja take buƙata kafin ɗalibai su ci gajiyarsu.

Fitilun Kalmomi: makamashi, sola, kalmomin fannu, fassara, guraben aiki

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024, mafi yawan jihohin Arewacin Nijeriya sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Ɓata-gari sun lalata turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da yake biyowa ta jihar Binuwai ya sami matsala. Injinan niƙa sun tsaya, masu ƙanƙara da masu walda sun zauna, cajin waya ya koma abin da ake bin layi a biya. Shekara guda kafin haka, a watan Agusta na 2023, Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Jamhuriyar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar kamfanin lantarkin ƙasar daga Nijeriya yake zuwa. A duk lokutan biyu, waɗanda suka ɗan sami sauƙi su ne masu farantan sola a saman rufinsu.

Waɗannan abubuwa, haɗe da cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, sun fitar da batun makamashi mai sabuntuwa daga zauren taron ƙwararru suka kawo shi teburin mai shayi. Idan kuwa magana ta zo nan, to da Hausa ake yin ta. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: mene ne rabon ɗalibin da ya karanci harshe da adabi da al'adun Hausa a cikin wannan sauyi? Tambayar tana da nauyi, domin sassan Hausa da na harsunan Nijeriya suna yaye ɗalibai a kowace shekara, kuma aikin koyarwa da aka saba turo su gare shi ba ya iya ɗauke su duka.

1.1 Hanyar Nazari da Farfajiyarsa

An gina maƙalar a kan bayanan da hukumomin makamashi na Nijeriya da na duniya suka bayyana wa jama'a, da kuma nazarin kalmomin da Hausawa suke amfani da su a yau idan suna zancen lantarki. An taƙaita a kan Arewacin Nijeriya, tare da leƙa Nijar a inda ya dace. An fi mayar da hankali kan hasken rana saboda shi ne ya fi yaɗuwa a hannun jama'a.

2.0 Ma'anar Makamashi Mai Sabuntuwa

A asalin amfaninta, kalmar makamashi tana nufin ƙirare ko kara ko ciyawar da ake hura wuta da su, wato abin da wuta take kamawa. Hausar zamani, musamman ta gidajen rediyo, ta faɗaɗa ma'anarta har ta ƙunshi duk abin da yake ba da zafi ko haske ko motsi: fetur da gas da kwal da lantarki. Makamashi mai sabuntuwa shi ne wanda tushensa yake maye gurbin kansa cikin ɗan lokaci, kamar hasken rana da iska da gudun ruwa. Fetur da kwal kuwa sai da aka yi miliyoyin shekaru kafin su taru a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙona su yana fitar da hayaƙin da yake ɗumama duniya.

Tun a sunan abin akwai aikin da yake jiran masanin harshe. Akan ji ana cewa makamashi mai sabuntawa, akan kuma ji mai sabuntuwa. Na farkon ya fito daga aikatau sabunta, wanda yake buƙatar karɓau, don haka ma'anarsa ita ce makamashin da yake sabunta wani abu. Na biyun ya fito daga sabuntu, aikatau na giredi na bakwai a rabon Parsons, wanda yake nuna yiwuwar aukuwar aiki a kan abu, kamar yadda ake cewa gyaruwa ko ɗinkuwa. Ke nan sabuntuwa ita ce ta dace da manufa, kuma ita aka ɗauka a nan. Akwai kuma masu cewa makamashi mai tsafta ko maras ƙarewa. Waɗannan ba su zama daidai da juna ba, domin itacen girki yana sabuntuwa idan ana dasa madadinsa, amma hayaƙinsa ya hana a kira shi mai tsafta.

3.0 Yanayin Sauyin a Nijeriya da Nijar

Samar da lantarki daga tushe mai sabuntuwa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Madatsar Kainji ta fara aiki tun 1968, ta Jebba a 1985, ta Shiroro a 1990, ga kuma ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 da ta biyo baya. Duk da haka, Bankin Duniya ya bayyana a 2021 cewa kimanin 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi. Binciken hasken rana ma ya daɗe. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980. A Nijar, Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda aka sanya wa Jami'ar Yamai sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ƙasar tsawon shekaru. Shi ne kuma ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu na gida. Ke nan haɗa zancen hasken rana da zancen harshe yana da magabaci a wannan yanki.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan abu uku ne. Na farko farashi: hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, wato IRENA, ta nuna cewa kuɗin samar da lantarki daga manyan tashoshin sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Na biyu manufa: a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, aka kuma ƙaddamar da Shirin Sauyin Makamashi na ƙasa a watan Agusta na 2022. Na uku doka: Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar lantarki tasu da hukumar da za ta kula da ita.

Ana iya ganin alamun sauyin a ƙasa. A 2019 aka buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Hukumar ta kuma shigar da kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin shirinta na kai sola kasuwanni. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da tasha mai megawat 10 a yankin masana'antu na Chalawa. A Nijar akwai tashar Malbaza mai megawat 7, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin kai wa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 17.5 lantarki ta hanyar ƙananan tashoshin al'umma da kayan sola na gida. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar batun maƙalar, saboda kayan da zai samar za su ƙare ne a hannun magidanta da 'yan tireda da manoma.

4.0 Abin da Ƙididdigar Ayyuka Take Nunawa

A ƙiyasin IRENA, mutum miliyan 16.2 ne suke aiki a fannin makamashi mai sabuntuwa a duniya a 2023, kuma miliyan 7.1 daga cikinsu suna ɓangaren farantan sola. Sai dai rabon bai zo daidai ba. Ƙasar Sin ita kaɗai ta ɗauki miliyan 7.4, yayin da nahiyar Afirka gaba ɗaya ta tashi da kimanin 324,000. Dalili shi ne masana'antun ƙera faranti da batir suna can. A ɓangaren Nijeriya, Shirin Sauyin Makamashi ya yi hasashen samar da ayyuka 340,000 zuwa 2030, da 840,000 zuwa 2060. Wannan hasashe ne, kuma cikarsa ta dogara da samun jarin da shirin ya ƙiyasta a kan kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne, ayyukan da za su faɗo wa ƙasar Hausa a nan kusa na ƙarshen sarƙa ne: sayarwa, da ɗaurawa, da gyara, da karɓar kuɗi, da sauraron koken masu saye. Duk aikin da ke ƙarshen sarƙa kuwa aiki ne na fuska da fuska, wanda ba ya yiwuwa sai da magana.

5.0 Yadda Harshe Ya Zama Ɓangaren Aikin

Mai amfani da wutar babban layi bai buƙatar sanin yadda injinan Kainji suke juyawa. Nasa shi ne ya danna makunni ya biya kuɗi. Mai sola kuwa shi ne manajan tasharsa. Tsarin gida yana da sassa huɗu: faranti da yake mayar da haske lantarki, da na'urar daidaita caji, da batir da yake adana wutar, da inbata da take juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida suke ci. Kowane sashe yana da iyakar da idan aka wuce ta zai lalace.

A nan ne wata matsala ta harshe take fitowa. Bahaushe yana amfani da kalmar ƙarfi a wurare uku da ilimin lantarki ya bambanta. Idan ya ce wutar ba ta da ƙarfi, yana nufin matsin wutar ya yi ƙasa, abin da ake aunawa da bolt. Idan ya ce dutsen guga yana da ƙarfin jan wuta, yana nufin yawan abin da yake ci a lokaci guda, wanda ake aunawa da wat. Idan ya ce batirin yana da ƙarfi, yana nufin yawan wutar da ya adana, wadda ake aunawa da wat a ninka da awa.

Misali na lissafi zai fito da illar wannan cakuɗuwa. A ƙaddara mai shago yana da firji mai cin wat 150, yana so ya yi masa aiki awa 10 bayan faɗuwar rana. Buƙatarsa ita ce wat-awa 1,500. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma ƙa'idar irin wannan batir ita ce kada a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200, kuma inbata za ta ci wani abu daga ciki. Ke nan batir ɗaya bai isa ba. Idan mai sayarwa ya tsaya a kan cewa batirin yana da ƙarfi, bai yi ƙarya ba, amma mai shago zai riƙa zuƙe shi ƙarƙaf a kowane dare, ya mutu tun kafin lokacinsa. Daga nan sai labari ya bazu a layin kasuwa cewa sola yaudara ce. An yi asarar kuɗi, an kuma yi asarar amana, alhali tushen abin kalma ɗaya ce da aka ɗora wa ma'ana uku.

Haka abin yake a sauran bayanan kulawa. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wutar da yake bayarwa, don haka yana buƙatar shara a kai a kai. Inuwar reshe ɗaya tana iya rage aikin jerin faranti gaba ɗaya. Tsananin zafi yana rage ƙwazon faranti, domin da haske yake aiki, saɓanin zaton da sunan zafin rana yake jawowa. Tsohon batirin dalma guba ne idan aka fasa shi a cikin gida, kuma jama'ar da ta ga yadda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba ta buƙatar dogon bayani kan haɗarin, in dai an gaya mata cewa dalmar ce a cikin batir. Duk waɗannan bayanai suna cikin takardun da suke zuwa da kayan, amma da Ingilishi ko Sinanci ko Faransanci.

6.0 Guraben Aiki ga Ɗalibin Hausa

6.1 Daidaita Kalmomin Fannu

Hausa tana da gogewa a wannan fage. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna yadda masana za su zauna su amince da kalmomin nazarin harshe da adabi. Fannin makamashi yana buƙatar irin wannan zama. Kasuwa ta riga ta ari wasu kalmomi ta hausantar da su, kamar sola da batir da inbata da mita, kuma babu hikima a yaƙe su. Wasu an same su ta faɗaɗa ma'ana, kamar wuta da faranti da ƙwai. Wasu kuma ta tsirar sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma-, kamar makunni da ma'auni. Giɓin yana wajen ma'anonin da ido ba ya gani. Ana iya ba da shawarar a keɓe matsin wuta ga abin da bolt yake aunawa, cin wuta ga na wat, ajiyar wuta ga na wat-awa. Amma shawara ba ta zama kalma sai an gwada ta a bakin masu sana'a an ga ta zauna. Tattara abin da ake faɗa a kasuwa, da gwada sababbin kalmomi, da shirya ƙaramin ƙamus, aiki ne da ya dace da kundin digiri na biyu, kuma kamfanoni da hukumomi suna da dalilin biyan kuɗinsa.

6.2 Fassara

Takardun da suke jiran fassara sun haɗa da jagorar amfani da kaya, da gargaɗin haɗari, da takardar garanti, da saƙonnin waya da kamfani yake tura wa masu biya kaɗan-kaɗan. A wannan tsari na ƙarshe, mutum yana karɓar kayan ya riƙa biya a mako ko a wata, kuma idan ya yi jinkiri na'urar tana kulle kanta daga nesa. Wanda bai fahimci wannan sharaɗi ba tun ranar sa hannu zai ɗauka an cuce shi. Ɗalibin Hausa yana da wata fifiko a nan, domin ya san ajami, kuma akwai dimbin masu sana'a da suka fi sakewa da shi a kan boko. Ya kuma san bambancin karin harshe, ya san cewa saƙon da aka tsara da Kananci yana iya buƙatar gyara kafin a kai shi Sakkwato ko Maraɗi.

6.3 Shiga Tsakanin Kamfani da Al'umma

Ƙa'idojin da hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta fitar a 2016 kan ƙananan tashoshin al'umma, waɗanda aka sabunta a 2023, sun tanadi yarjejeniya tsakanin mai kafa tasha da al'ummar da za ta sha wutar. Kafin a kai ga sa hannu sai an tattauna filin da za a kafa faranti, da farashi, da wanda zai tsare kayan. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya karanci al'ada ya san matsayin dagaci da mai unguwa da liman da sarkin kasuwa, ya san wanda ake fara gaisarwa. Ya san cewa mutane za su tambaya ko akwai kuɗin ruwa a cikin biyan kaɗan-kaɗan, kuma amsar da aka ba su ita za ta yanke hukuncin karɓa ko ƙi.

Ɗalibai mata suna da gurbi na musamman. Girki yana cikin ɓangarori biyar da Shirin Sauyin Makamashi ya sa gaba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Masu shaƙar hayaƙin murhu mata ne da 'ya'yan da suke goye, kuma da yawansu suna cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Bayanin murhu mai rage cin itace ko tukunyar gas ba zai kai gare su ba sai ta bakin mace.

6.4 Aikin Jarida da Wayar da Kai

Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Sashen Hausa na BBC a 1957, kafafen yaɗa labarai ne suka fi kowa shigar da sababbin kalmomi cikin Hausa. A yau gidajen rediyo masu zaman kansu da jaridun intanet sun yawaita, amma labarin makamashi yana buƙatar ɗan jaridar da ya san bambancin megawat da kilowat, wanda zai iya bayyana wa mai sauraro abin da ƙarin farashin watan Afrilun 2024 ga 'yan rukunin A yake nufi ga aljihunsa. Sauya dokar lantarki ya sa majalisun jihohi za su riƙa yanke hukunci kan wuta, kuma talaka ba zai iya bin diddiginsu ba sai an kawo masa rahoton da harshensa. Masu rubuta wasan kwaikwayo na rediyo da masu shirya finafinai su ma suna da rawar takawa, kamar yadda aka yi amfani da su a gangamin rigakafi.

6.5 Rubuta Littattafan Koyon Sana'a

Da yawa daga masu ɗaura sola a garuruwan Arewa sun koyi aikin ne a hannun maigida, ta hanyar kallo da kwaikwayo. Wannan hanya tana koyar da hannu, amma ba ta cika koyar da lissafin kaurin waya ko auna buƙatar gida ba, kuma kuskure a waɗannan yana jawo gobara. Tarihi ya bar abin koyi. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafan Hausa kan sana'o'i da kiwon lafiya. Aikin malaman gona ma ya ginu ne a kan mayar da binciken cibiyoyin Samaru zuwa bayanin da manomi zai gane. Littafin koyon aikin sola da injiniya da masanin Hausa suka rubuta tare zai bi wannan sawu, haka ma gajerun bidiyoyin koyarwa da ake kallo a waya.

7.0 Iyakoki da Ƙalubale

Ya kamata a faɗi gaskiyar girman waɗannan gurabe. Ba su kai na masu aikin hannu yawa ba, kuma ba a cika tallata su da sunan ana neman mai digirin Hausa ba. Sukan zo da sunan jami'in hulɗa da al'umma ko jami'in kula da masu saye, inda ɗalibin Hausa zai yi takara da na aikin jarida da na nazarin zamantakewa. Yawancinsu na kwangila ne, suna ƙarewa idan kuɗin shiri ya ƙare. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ɗaga farashin kayan da ake shigowa da su, rashin tsaro kuma ya hana kai aiki wasu yankunan da suka fi buƙata.

Akwai kuma zaton da ya yi katutu cewa duk mai jin Hausa zai iya fassara, ga manhajojin fassara na kwamfuta da suke ba da aiki kyauta. Ɗalibin Hausa ba zai tsere wa waɗannan ba sai ya zo da abin da ba su da shi, wato sanin harshe mai zurfi haɗe da sanin abin da ake magana a kai. Wanda bai san aikin inbata ba ba zai gane kuskuren da kwamfuta ta yi a fassarar jagorarta ba. Nan ne raunin yake, domin darussan fassara a sassan Hausa sun fi karkata ga matanin adabi da na labarai, kuma ɗalibi yana iya kammala digiri bai taɓa fassara takardar fasaha ko ɗaya ba.

8.0 Shawarwari

Na farko, sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Sassan Hausa suna iya amfani da wannan dama su shigar da darasin fassarar kimiyya da fasaha, wanda malamin Hausa da na injiniyanci za su koyar tare.

Na biyu, jami'o'in da suke da tashar sola ko cibiyar makamashi a harabarsu, kamar Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, suna da ɗakin gwaji a shirye. Ya dace a riƙa tura ɗaliban Hausa can su ga kayan da idonsu, su rubuta bayaninsu da Hausa a matsayin aikin jinga.

Na uku, cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su kira taron daidaita kalmomin makamashi, a gayyato masu ɗaura sola da 'yan kasuwa da 'yan jarida, tare da takwarori daga Nijar, domin kada a wayi gari da kalmomi biyu ga abu ɗaya a ɓangarori biyu na iyaka, ɗaya daga Ingilishi ɗaya daga Faransanci.

Na huɗu, jihohin da suke kafa hukumomin lantarki nasu su wajabta cewa yarjejeniya da gargaɗin haɗari su zo da harshen da mai saye yake ji. Wannan zai kare mai saye, zai kuma mayar da fassara aikin da dole a biya.

Na biyar, ɗalibi da kansa kada ya jira manhaja. Kwas na 'yan makonni kan tushen aikin sola, haɗe da tarin ayyukan fassara da zai iya nunawa, ya fi takardar neman aiki maras shaida amfani.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi diddigin sauyin makamashi a ƙasar Hausa daga madatsun ruwa zuwa farantan da ke saman shaguna, ta kuma nuna cewa rabon yankin a kasuwar aikin yana ƙarshen sarƙa, inda ake hulɗa da mai saye kai tsaye. An ga yadda kalma ɗaya mai ma'ana uku take iya kashe batir ta kuma zubar da amanar kasuwa. An fito da fagage biyar da ɗalibin Hausa zai iya shiga, tare da sharaɗin cewa sai ya ƙara sanin fasahar a kan sanin harshen. Kalmomin makamashi suna kafuwa yanzu a bakin 'yan kasuwa da masu gabatar da shirye-shirye, ko masana sun sa baki ko ba su sa ba. Idan sassan Hausa suka shiga aikin tun ana damawa, ɗalibansu za su sami abin yi, mai shago kuma zai san adadin batirin da firjinsa yake buƙata kafin ya biya kuɗi.